Fasahar Harhaɗa Kaya a Ɗakin Aikin El Anatsui: Nazari da Tarke

1.0 Gabatarwa

Waɗanda suka saba da nazarin waƙar baka sun san tambayar nan da kan taso game da makaɗi da 'yan amshinsa, wato idan makaɗi ya ɗauko waƙa, yaransa suka karɓa, har suka yi masa ƙari, mene ne rabon kowannensu a cikin abin da kunne ya ji? Irin wannan tambaya ce ta taso mini a wani fage na dabam, fagen fasahar da ake kallo da ido, sa'ad da na shiga nazarin ayyukan El Anatsui, masassaƙin nan ɗan ƙasar Gana wanda ya koyar a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka daga 1975 zuwa 2011. Duniya ta fi saninsa da wasu manya-manyan shimfiɗu masu ƙyalli, waɗanda ake haɗawa da murafan kwalaben giya da wayar jan ƙarfe, a rataya su a bango su yi ta naɗe-naɗe kamar mayafi. Hannuwa da yawa ne suke haɗa su, wasu hannuwan dabam kuma su rataya su, amma sunan mutum ɗaya ne ake rubutawa a gefensu.

Abin da nake nufi da fasahar harhaɗa kaya a wannan takarda shi ne irin fasahar da mai yin ta ba ya tsayawa a kan kayan aiki iri ɗaya, kamar fenti kaɗai ko katako kaɗai. Yakan gwama ƙarfe da itace da yumɓu da duk abin da ya samu a muhallinsa, har da abubuwan da aka riga aka yi amfani da su aka yar. Manufata ita ce in nuna cewa jigon ayyukan Anatsui yana cikin yadda ake yin su, wato fasa abu ƙanana-ƙanana, da sake haɗa shi, da barin siffarsa ta ƙarshe a buɗe. Zan fara da taƙaitaccen tarihin rayuwarsa, in bi matakan da aikinsa ya taka kafin ya kai ga murfin kwalba, in bayyana tsarin ɗakin aikinsa, sa'an nan in auna abin da masu sharhi suka saba faɗa a kansa da kuma wuraren da nake ganin akwai rauni.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi El Anatsui a 1944 a garin Anyako, a bakin tafkin Keta, cikin yankin Volta na ƙasar Gana. Ɗan ƙabilar Ewe ne. Mahaifinsa masunci ne kuma masaƙin kente, amma shi El bai tashi a gabansa ba, domin mahaifiyarsa ta rasu tun yana ƙarami, sai kawunsa, wani limamin coci, ya ɗauke shi ya rene shi a gidan mishan. Ya kamata a riƙe wannan batu, saboda masu sharhi da yawa sukan ɗauka cewa ɗan masaƙi ne ya gaji saƙar ubansa, alhali kuwa al'adun gargajiya na ƙasarsu sai da ya girma ya neme su da ƙafarsa.

Ya yi karatun sassaƙa a Kwalejin Fasaha ta Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Kumasi, ya kammala a 1969. Manhajar da aka koyar da su a can ta Ingila ce, kuma tarihin fasahar Turai ne kan gaba a cikinta. Wannan ya sa ya riƙa zuwa cibiyar al'adu ta Kumasi yana zama wurin masaƙa da masassaƙa da masu buga tambarin adinkira a jikin yadi, yana kallon yadda suke aiki. Daga 1969 ya koyar a kwalejin horon malamai ta Winneba, har zuwa 1975 da ya ƙaura zuwa Nsukka.

A Nsukka ya tarar da Uche Okeke yana shugabantar sashen fasaha. Okeke yana cikin ɗaliban da suka kafa Ƙungiyar Fasaha ta Zariya a 1958, waɗanda suka yi kira da a haɗa dabarun da aka koyo daga Turai da fasahohin gida. A Nsukka wannan kira ya zama nazarin zanen uli, wanda matan Ibo suke yi a jiki da bangon ɗaki, da kuma alamomin nsibidi. Saboda haka ra'ayin da aka shuka a Zariya shi ne Anatsui ya tarar ya yi tsiro a sashen da ya je koyarwa, kuma ya dace da abin da ya riga ya faro tun a Kumasi.

3.0 Matakan Aikinsa Kafin Murfin Kwalba

3.1 Tiren Katako da Yumɓu

Aikinsa na farko da ya ja hankali shi ne na zagayayyun tirarrukan katako waɗanda mata 'yan kasuwa suke baza haja a kansu. Yakan sa masassaƙa su sassaƙo masa su, shi kuma ya gasa ƙarfe a wuta ya ƙona alamomin adinkira a jikinsu, ya rataya a bango. Tun daga nan abubuwa biyu sun bayyana waɗanda ba su rabu da shi ba har yau: ɗaukar abin da jama'a suke amfani da shi yau da kullum, da kuma shigar da hannun wasu masu sana'a cikin aikinsa.

Da ya zo Nsukka sai ya koma ga yumɓu. Jerin ayyukan da ya kira Broken Pots, wato fasassun tukwane, ya nuna su a 1979. Yakan gina tukunya ko kan mutum, ya farfasa, ya huda, ya liƙa gutsattsarin, ya gasa, har abin ya fito kamar an tono shi daga tsohon kufai. Ɗaya daga cikinsu, Chambers of Memory na 1977, an gina shi ne bisa kamannin kawunan yumɓun Nok, amma idan aka zaga ta bayansa sai a ga ƙoƙon kan a fashe, da ɗakuna-ɗakuna a ciki babu kowa. Ra'ayin da ke ƙarƙashin wannan jeri sananne ne ga duk wanda ya zauna da maginan tukwane, domin sukan daka tsingaro su zuba cikin sabon yumɓu don tukunya ta yi ƙwari. A ƙasar Ewe kuma fasasshiyar tukunya takan sami wani sabon amfani a harkokin tsafi. Ke nan a wurinsa fashewa mataki ne a rayuwar abu, kuma ya yi waɗannan ayyuka ne a ƙasar Ibo shekaru kaɗan bayan yaƙin basasa, a daidai lokacin da tattalin arzikin Gana ya durƙushe.

3.2 Katako da Zarto Mai Inji

A 1980, lokacin da ya je wani zaman aiki a Cummington ta jihar Massachusetts a Amurka, ya gano cewa zarto mai inji yana iya zama alƙalami. Ya shafe kusan shekara 20 yana aiki da shi. Yakan jera filayen katako tsaye, kafaɗa da kafaɗa, na loko da sauran itatuwan kurmi masu launi dabam-dabam, ya ratsa su da zarto, ya babbake tsagar da wutar walda har ta yi baƙi, sa'an nan ya ɗiga launi kaɗan. Shi da kansa ya danganta kaushin tsagar zarton da yadda Turawa suka yayyanka Afirka a taron Balin na 1884 zuwa 1885. Abin da ya fi muhimmanci ga bahasinmu shi ne cewa filayen ba a manne suke da juna ba. Yakan sa musu lamba a baya don nuna jerin da ya zaɓa, amma ya yarda mai aikin ya sauya jerin idan ya so. A nan ne ya fara sakin linzamin siffar ƙarshe.

A wannan zango ne ya yi Erosion a 1992 a ƙasar Burazil, dangane da taron duniya kan muhalli, inda ya zana alamomin rubutu a jikin wani dogon gungume sa'an nan ya kekketa su da zarto. A 1996 kuma ya yi Akua's Surviving Children a Danmak da itatuwan da teku ya turo gaɓa, ya tsayar da su kamar ayarin mutane, domin tuna cinikin bayi da Danmak ta yi a gaɓar Gana. Ganuwar Prinzenstein da mutanen Danmak suka gina a 1784 tana Keta, ba nisa da garin haihuwarsa.

3.3 Ƙarfen da Aka Yar

Kafin murfin kwalba ya rinjayi aikinsa, ya gwada wasu ƙarafan. A Peak Project na 1999 ya haɗa murafan gwangwanin madarar Peak da waya ya tara su tsibi-tsibi. Gwangwanin kansa yakan sami mai so, ko don awo ko don dafa alala, murfin ne ba shi da mai ɗauka. A Crumbling Wall na 2000 ya gina bango da tsofaffin magogan rogo, wato fallayen ƙarfe da aka huhhuda da ƙusa don gurza rogon gari, waɗanda suka yi tsatsa. Daga 2003 kuma ya yi manyan jakunkuna da farantan alminiyam na maɗaba'a, waɗanda har yanzu ana iya karanta sanarwar mutuwa a jikinsu, kuma siffarsu tana tuna wa ɗan Nijeriya jakar nan da ta sami suna lokacin korar baƙin Gana a 1983. Duk waɗannan kaya abu ɗaya ya haɗa su: sun ratsa hannun mutane da yawa kafin su iso gare shi, kuma yawancinsu suna da nasaba da ci da sha.

4.0 Tsarin Ɗakin Aiki

A wajajen 1998 ne ya tsinci buhun murafan kwalaben giya da aka yar a daji kusa da Nsukka. Ya ajiye shi a ɗakin aikinsa wata da watanni kafin ya san abin da zai yi da shi. Masu sarrafa giya sukan karɓi kwalba su sake cikawa, amma murfin alminiyam ɗin zubarwa ake yi, don haka kayan aikin ba mai yankewa ba ne. Ayyuka biyu na farko da suka fito daga wannan gwaji su ne Man's Cloth da Woman's Cloth, wato mayafin namiji da mayafin mace, waɗanda aka nuna a Landan a 2002, gidan tarihi na Birtaniya kuma ya saye su.

Ga yadda aikin yake tafiya. Murfi yana da sassa: akwai zagayayyen samansa, akwai jikinsa mai ɗauke da suna da launi, akwai kuma siririn zoben da yake saura a wuyan kwalba. Mataimaka, waɗanda yawancinsu samari ne na Nsukka da kewaye, kuma sukan kai 20 ko 30, wani lokaci fiye, su ne suke yanka kowane sashe. Wani a baje shi ya zama ɗan falle mai tsawo, wani a ninke shi, wani a murɗe, wani a cukuikuye. Daga nan a huda kusurwoyinsa da basilla, a zura guntuwar wayar jan ƙarfe, a ƙulla shi da na kusa da shi. Kowane irin ninki da ƙulli yana ba da nasa zubin: na fallaye yakan fito a cike kamar saƙa mai kauri, na zobba kuwa yakan fito kamar raga, ana hangen abin da ke bayansa. Haka kuma murfi fuska biyu gare shi, ta waje mai ja ko baƙi ko ruwan ɗorawa, da ta ciki mai hasken azurfa, saboda haka juya murfi kaɗai ya isa ya sauya launi. Ba a shafa fenti.

Mataimaki ba ya haɗa aiki sukutum. Abin da yake haɗawa ɗan yanki ne, wanda bai fi a ɗauka da hannu biyu ba, mai zubi ɗaya da launi ɗaya ko biyu. Irin waɗannan yankuna ake tarawa da yawa a ajiye. Aikin Anatsui na musamman yana farawa ne sa'ad da aka baza su a daɓen ɗaki. Yakan tsaya a kansu ya sa a jawo wannan, a ɗauke wancan, a juya na can, ya ɗauki hoto, ya duba a kwamfuta, ya dawo washegari ya rushe abin da aka jera jiya. Ba ya farawa da cikakken zane a takarda wanda za a bi sawu da ƙafa. Sai tsarin ya kwanta masa a rai sa'an nan a ɗinke yankunan da waya su zama shimfiɗa ɗaya.

Mataki na ƙarshe ba a Nsukka ake yin sa ba, ko a Tema ta Gana inda ya buɗe wani ɗakin aikin daga baya. Shimfiɗar, duk da girmanta, tana naɗuwa a sa ta cikin akwati, kuma yawanci ba ya haɗa ta da umarnin yadda za a rataya ta. Ma'aikatan gidan nuni su ne za su yanke shawarar inda za ta tattare, da inda za ta saki, da ko za ta zubo har ƙasa. Saboda haka aiki ɗaya yakan fito da kama dabam a kowane gari. Da wannan hanya ce ya lulluɓe fuskar fadar Fortuny a birnin Venis na Italiya a 2007, ya kuma rufe gaban ginin Royal Academy a Landan a 2013 da aikin da faɗinsa ya haura mita 20.

5.0 Tarke

5.1 Batun Kamanta Shi da Kente

Sharhin da ya fi yawa a kan waɗannan ayyuka shi ne cewa kente ne aka saƙa da ƙarfe. Akwai dalilin faɗin haka, domin shi da kansa ya kira na farkon mayafi, launukan murafan kuma sun yi kusa da na kente, ga kuma sana'ar mahaifinsa. Amma daga baya ya nuna cewa wannan kamance ya takure yadda ake kallon aikin, har ya rage sa musu sunayen tufafi. A ganina yana da gaskiya, kuma hujjar tana cikin ƙirar abin. Saƙa tana da zaren tsaye da na kwance, kuma masaƙi yana bin layi ne daga farko zuwa ƙarshe. Shimfiɗar Anatsui ba ta da zare ko ɗaya da ya ratsa ta. Dubban gaɓoɓi ne, kowace tana motsi a kan ƙullinta, kuma wannan ne ya sa take iya kumbura ta lotsa ta riƙe siffar da aka ba ta, abin da yadi ba ya yi. Idan aka dubi matakan da muka bi a sashe na 3.0, za a ga asalinta ya fi kusa da tsingaron da aka liƙa da filayen katakon da ake sauya wa jeri. Mai sharhin da ya tsaya a kan kente ya ɗauki shekara 30 na gwaji ya mai da su gadon gida, kuma wannan tsohuwar ɗabi'a ce ta masu kallon fasahar Afirka daga waje, wato su nemi ƙabilar mutum kafin su nemi tunaninsa.

5.2 Batun Sarrafa Shara

Sharhi na biyu shi ne cewa aikin wa'azi ne a kan tsabtar muhalli. Shi bai karɓi wannan fassara ba, kuma dalilin a fili yake. Maƙerin da yake ƙera fitilar aci-balbal da gwangwani ya mai da shara abin amfani, kuma ba ruwansa da abin da gwangwanin ya ƙunsa a da. Anatsui kuwa abin da murfin ya rufe shi ne ya dame shi. Giya tana cikin manyan hajojin da Turawa suka kawo gaɓar Afirka ta Yamma suka musanya da bayi, bayin aka kai su gonakin rake a tsibiran Karebiyan, daga raken aka yi wata giyar aka dawo da ita. A ƙarshen ƙarni na 19 kwalbar jin ta zama kamar kuɗi a wasu kasuwannin kudancin Nijeriya. Murafan da yake aiki da su kuwa na kamfanonin Nijeriya ne na yau, kuma wanda ya matsa kusa zai karanta sunaye irin su Dark Sailor da Ecomog, wanda aka ara daga sunan rundunar Afirka ta Yamma da ta shiga Laberiya a 1990. Saboda haka aikin yana da kallo biyu. Daga nesa zinariya ce da alharini, daga kusa kuwa shaidar abin da talakawa suka sha ce. Wannan tazara tsakanin kallon nesa da na kusa ita ce warwarar jigonsa, kuma ya fito da ita sarai a Behind the Red Moon, wanda aka rataya a babban zauren Tate Modern a Landan daga Oktoba 2023 zuwa Afrilu 2024. Sashensa na farko ya yi kama da filafilan jirgin ruwa da iska ta cika, a gidan da yake ɗauke da sunan Henry Tate, attajirin da ya yi arzikinsa da sukari.

5.3 Aikin Wane Ne?

Yanzu sai mu koma ga tambayar da muka buɗe da ita. Wasu sukan ce tun da ba shi ne yake huda murfi ya ƙulla waya ba, sunansa a jikin aikin ƙwace ne. Wannan zargi bai yi la'akari da yadda manyan sana'o'i suke tafiya ba. Babbar riga ta ratsa hannun masaƙin ƙwarya, da maɗinkin da ya haɗa ƙwaryoyin, da malamin da ya zana aska, da masu cika ɗinkin, kuma ba wanda ya ce rigar ba ta da mai tsarawa. Manyan masu zane na Turai ma da almajirai suka yi aiki. Abin da Anatsui ya riƙe a hannunsa shi ne zaɓen kaya, da ƙirƙiro hanyar haɗa su, da hukuncin cewa wannan jeri ya yi, wancan bai yi ba. Wannan hukunci shi ne fasahar, kamar yadda makaɗi yake riƙe da zaren waƙa ko da 'yan amshi sun fi shi yawan furuci.

Sai dai kuma amsar ba ta ƙare a nan ba. Babbar riga ba ta ɗauke da sunan kowa, da sunan gari ko na zubin askarta ake kiranta. Shimfiɗar Anatsui kuwa ta shiga wata kasuwa wadda take ɗora dukan daraja a kan suna ɗaya, har an sayar da wasu a gwanjo a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 1. Idan har jigon aikin shi ne hannuwan da suka taɓa murfi, tun daga mai sayarwa da mai sha har zuwa mai ƙullawa, to rashin ambaton masu ƙullawar a allunan gidajen nuni ya saɓa wa jigon kansa. An ba ma'aikacin gidan nuni a Landan 'yancin sauya siffar aikin, ana kuma yaba wannan a rubuce, amma saurayin Nsukka da ya yi makonni a kan yanki guda yana shiga tarihi ne a matsayin adadi. Tsarin gidajen nuni ne ya haifar da wannan, kuma mu manazarta muna da hannu a ciki muddin muka ci gaba da rubutu kamar mutum ɗaya ne a ɗakin.

5.4 Wasu Raunuka

Akwai abubuwa biyu kuma da ya kamata a faɗa. Na farko, kyan shimfiɗun yakan rinjayi tarihin da suke ɗauke da shi. Wanda ya tsaya gaban Chambers of Memory ko Crumbling Wall ba shi da mafaka daga abin da ake nuna masa, domin fashewa da tsatsa suna gabansa. Wanda ya tsaya gaban shimfiɗar murafai kuwa yana iya ɗaukar hoto ya wuce bai karanta suna ko ɗaya ba, musamman idan an rataya ta can sama inda ido ba ya kai wa ga rubutun. Tun bayan 2007 da buƙatar ayyukan ta yawaita, wasu daga cikin matsakaitan shimfiɗun sun zama maimaicin juna, kuma a ganina waɗanda suka fi ƙarfi su ne waɗanda ya karya zubin a cikinsu, kamar Gli na 2010, inda ragar zobba ta sauko daga sama ta zama bangayen da mutum yake zagayawa yana hangen na bayansu.

Na biyu, ayyukan sun fi zama a waje. An ba shi lambar Zakin Zinariya ta Venis a 2015, da lambar Praemium Imperiale ta Japan a 2017, kuma babban nunin da ya tattara ayyukansa, wanda Okwui Enwezor da Chika Okeke-Agulu suka tsara, a Munik ta Jamus aka buɗe shi a 2019. An yi masa nuni a Cibiyar Fasahar Zamani ta Legas a 2014, wanda Bisi Silva ta shirya, amma manyan shimfiɗun suna gidajen adana fasaha na Turai da Amurka. Ɗalibinmu da yake son nazarinsu a hoto zai gan su, alhali mun riga mun nuna cewa ma'anarsu tana fitowa ne idan mutum ya taka daga nesa zuwa kusa.

6.0 Kammalawa

A wannan takarda an yi ƙoƙarin nuna cewa shimfiɗun murafan kwalba ci gaba ne na hanyar da El Anatsui ya kama tun daga tiren kasuwa da fasasshiyar tukunya da filayen katako, kuma tsarin ɗakin aikinsa, inda ake tara ƙananan yankuna a jinkirta hukunci, shi ne ya haifi siffar da ba ta tsayawa wuri ɗaya. An nuna cewa kamanta su da kente da kuma ɗaukar su a matsayin sarrafa shara duk sun gaza bayyana su. An kuma nuna rauni ta fuskar ɓoyuwar sunayen mataimaka, da rinjayen ƙyalli a kan tarihi, da nisan ayyukan daga ƙasar da aka yi su.

Ga malaman da suke koyar da fasaha da al'adu, shawarata biyu ce. Ta farko, a daina auna ɗalibi da tsadar kayan da ya iya saye daga waje, a auna shi da zurfin sanin da ya yi wa kayan da ke kewaye da shi, domin buhun nan ya yi watanni a ajiye kafin mai shi ya fahimce shi. Ta biyu, duk wanda zai yi bincike a kan mai fasaha, ko masassaƙi ne ko maɗinki ko makaɗi, ya shiga inda ake aikin, ya rubuta wanda ya yi kaza da wanda ya ƙirƙiro kaza, tun masu hannu a ciki suna raye ana iya tambayarsu. Ina fata mahalarta wannan taro za su faɗaɗa muhawara a kan wannan batu na biyu, musamman waɗanda suka yi aiki a kan sana'o'in da ake yi a ƙungiyance.